Darar Jiniya da Hannuna na Dama

Hannun da nake wannan rubutu da shi, an taɓa ce mini wataƙila ba zai sake ƙulla zare ba. Saboda haka da godiya ga Allah zan fara, wanda ya mayar mini da shi, ko da yake akwai ɗan saura a babban yatsa da ke tuna mini da kansa duk ranar da garin ya yi sanyi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne samarin da nake gani yanzu a Makera, sun duƙufa a kan waya da kwamfuta suna wasannin yaƙi, yatsu na ta rawa, in sun gaji su yarfe hannu sau biyu su ci gaba. Na san wannan yarfe hannun. Da shi nawa ciwon ya fara.

Sunana Garba. A shekarun da sojoji suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, ina aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, ina zaune a Makera, ɗaki ciki da falo, ni da matata Asabe da 'ya'yanmu biyu. Wanda bai ga unguwar nan a wancan lokaci ba, in na ba shi labari zai ce ƙari nake. Da sassafe titi kan cika maƙil da kekuna, masu koko da ƙosai sun jeru a bakin get, in an tashi aiki kuma kowa ya fito da auduga a gira da gashin kai kamar tsufa ya same mu rana ɗaya. Mutumin Zariya da na Zonkwa da na Kagoro, kwano ɗaya muke sa hannu. Har yau in na wuce ta wajen na ga ciyawa ta rufe katangar, sai in kau da kai.

Ni masaƙi ne, injuna takwas ke hannuna. Masaƙin kamfani ba shi ke saƙa ba, inji ke yi. Namu shi ne idan zare ya tsinke, inji ya tsaya, fitila ta kama, ka ruga ka lalubo bakin zaren ka ƙulla, ka tayar da inji. Kowane inji da mitarsa mai nuna yawan abin da ya saƙa, heluma kuma, wato shugaban layinmu, yana bi yana karantawa in an tashi. Da yatsu uku ake wannan ƙulli: babba, manuni da na tsakiya. A kan yatsun nan uku tukunyar gidana take.

Sai dara. Ba ta ƙasa da ake yi da tsinke ba, ta katako mai gidaje baƙi da fari, wadda 'yan boko ke kira daraf. Hutunmu rabin awa ne, kuma akwai wani benci a gindin mangwaro bayan kantin abinci inda ake kafa ta. Da yake lokaci ba ya isa a gama wasa, waɗanda suka riga mu sun kafa wata doka da ban taɓa jin irinta a wani wuri ba: idan jiniyar komawa aiki ta busa, duk wanda wasa ke hannunsa shi aka ci, ko da kuwa ya fi 'ya'ya a kan katako. Darar jiniya muke ce mata. To ka ga kowa burinsa ya yi nasa wasan maza ya jefa wa abokin karawa, kamar garwashi a tafin hannu. Daga nan aka samo al'adar bugawa. Ba a ajiye ɗan dara, dukan katako ake da shi, ƙarar ta firgita na gabanka ya rikice. In ana darar jiniya, daga bakin get kana jin ta kamar ana gyaran kwano.

Mutum ɗaya ne ba ya bugawa, kuma shi ne ba a ci. Baba Bitrus, dattijo daga kudancin jihar, wanda ya fi shekara ashirin a masaƙa, layinsa na maƙwabtaka da nawa. Zai zauna ya ɗora gwiwar hannu a kan cinya, yana cin gyaɗa da hagu, kana gama dukanka sai ka ga ɗansa ya sulale ya koma wani gida ba ƙara ba motsi, wasa ya dawo hannunka. Shekara uku ina karawa da shi, jiniya ba ta taɓa kama shi ba. In ta busa ya miƙe ya karkaɗe ɓawon gyaɗa, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, ɗana." Wannan "sannu da ƙoƙari" ita ta hana ni sukuni. Ni mutum ne mai zuciya, ban ɓoye ba, kuma a lokacin ƙuruciya na ɗibata.

Sai na yanke wa kaina hukunci cewa hannuna ne bai kai nasa sauri ba. Na samo notuna manya daga tarkacen injuna, na ɗura su a tsohuwar safa, na ɗaure a wuyan hannu. Kullum in na dawo gida sai in shimfiɗa katako a tsakar gida, in yi ta dukan 'ya'yan dara ni kaɗai, daga gida zuwa gida, har a kira magariba. Tunanina shi ne in na saba da nauyi, ranar da na kwance safar hannu zai tashi kamar tsuntsu. Asabe ta ce mini maƙwabta sun fara tambaya ko kafinta na koma. Na ce ta bar ni, ita ba ta san dara ba. Ta ce dara dai ba ta sani ba, amma ta san mutumin da ke aiki da yatsu awa takwas bai kamata ya dawo ya ƙara musu awa biyu ba. Ban saurare ta ba. Gaskiya kuma saurin ya ƙaru, har aka fara kirana Garba Walƙiya a gindin mangwaro, ni kuwa kaina ya yi girma. Baba Bitrus dai bai daina cin gyaɗarsa ba, bai kuma daina cina ba.

Bayan kamar wata biyu na fara jin kiyashi na yawo a yatsun nan uku. In na yarfe hannu sai ya wuce. Mako na biyu da farawar abin, na tashi sallar asuba na ji hannun kamar aro aka ba ni, sai da na tsoma shi a ruwan ɗumi kafin na iya riƙe buta. Na faɗa wa abokan aiki, suka ce ai kowa na yi, jijiya ce ta saki, a ɗaure ta. Maganin masaƙa ke nan tun da can: a yanko robar tayar keke a naɗe wuyan hannu tamau. Na naɗe. Zafin ya lafa na ɗan lokaci saboda hannun ya ƙara mutuwa, ni kuma na ɗauka sauƙi ne. Da robar nake aiki, da ita nake dara, in na koma gida in ɗora safar notuna a kanta.

A mako na huɗu kofin shayi ya suɓuce mini a wurin mai shayi, ban ma ji fitarsa ba. Ranar kuma zare ya tsinke, na kama bakinsa, ina kallonsa tsakanin yatsuna amma ba na jin sa. Na yi ƙulli ya warware, na sake ya warware. Fitila ta biyu ta kama, ta uku ta kama. A nan ne tsoro ya shige ni, tsoro na gaske, don a watannin nan ba zancen da ake a masaƙa sai na rage ma'aikata. Yadi daga waje ya cika kasuwa, wuta ba ta tsayawa, kuma kowa ya san in za a rubuta sunaye, mita za a duba.

Ina tsaye ina gumi sai na ga hannu ya wuce ta gefena ya ƙulla zaren, ya tayar da inji, ya wuce na gaba. Baba Bitrus ne. Ƙarar injuna ba ta barin a yi magana, da ido da hannu muke zance a ciki. Ya nuna robar da ke hannuna, ya girgiza kai, ya koma layinsa. Daga ranar, duk sanda fitiluna suka taru sai in gan shi ya tsallako. Dattijo mai injuna takwas ya koma mai lura da goma sha shida. A hutu ya ja ni gefe ya ce in cire robar nan in je asibiti. Na ce in na nemi hutun ciwo yanzu ai na rubuta sunana da kaina. Ya ce to in daina dara. Na ce to. Washegari na zauna a benci, don kada a ce Walƙiya ya gudu. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Mako biyar muka yi a haka, yana ɗauke mini rabin aiki, ni ina ɓoye hannu a aljihu in heluma ya gifta. A cikin makonnin nan ne dangi suka shigo da nasu ilimin. Yayar Asabe ta ce sanyi ne, ta aiko da man zafi da tafarnuwa. Wani maƙwabci ya ce jini ne ya mutu, aka kira wanzami ya yi mini ƙaho a dantse, na samu tabo uku ban samu sauƙi ba. Kawuna Ilu na Unguwar Sanusi, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya fi kowa tsayawa a kan lamarin, kuma shi ya fi kowa ɓata shi, Allah ya jiƙansa. Ya ce targaɗe ne ya kwana, ya ɗauke ni a babur zuwa wurin wani mai ɗori. Mutumin ya karɓi zakara da kuɗin da aka ware na ɗinkin yara, ya sa Kawu ya riƙe ni, ya murɗa wuyan hannun ya ja har na ga taurari da rana tsaka, sannan ya jera karare ya ɗaure. Ba na zagin masu ɗori, na ga wanda suka gyara wa karaya ya miƙe. Amma ni ba abin da ya karye mini, kuma mutumin bai tambaye ni ko da sana'ata ba.

Da ɗorin bai yi ba, Kawu ya kawo wata magana. Ya ce ya ji labarin akwai wani da nake gasa da shi a wurin aiki, wa ya sani ko hannu aka sa mini. Ban taɓa ɗaga wa Kawu murya ba sai ranar. Na ce, "Kawu, mutumin da kake zargi shi ke ciyar da gidana mako biyar ke nan." Ya ce Allah ya ba da lafiya, ya tafi. Daga baya ya aika wa Baba Bitrus goro, ban san abin da ya ce a gaya masa ba.

Bayan kwana uku da ɗori yatsun suka kumbura suka yi baƙi-baƙi. Asabe ba ta nemi shawarata ba, ta ɗauko wuƙa ta yanke igiyar, ta ce gobe asibiti, in kuwa na ƙi, ita za ta je ta sami heluma ta faɗa masa komai. Na san halinta, in ta faɗa ta aikata. Haka na je na karɓi takardar hutun ciwo, ina jin kamar takardar sallama ce.

Asibitin gwamnati muka je. Mun isa ana idar da sallar asuba, muka tarar da layi ya kai bakin ƙofa. Yankar kati kaɗai ta ci mana safiya, da muka kai ga ganin likita aka ce ya shiga tiyata, a dawo jibi. Jibi aka ce a yi hoto, na'urar hoton kuma ba wuta, sai da muka tsallaka wani wuri na kuɗi. Hoton ya fito ƙashi lafiya lau. Na yi fushi sosai a kwanakin nan, har na yi wa wata mai ba da kati tsawa, abin da nake jin kunyarsa har yau, don ita ma tun safe take tsaye. Zuwa na uku ne muka samu likitan, wani siririn mutum da gajiya ta bayyana a idonsa, amma ya ba ni lokacinsa kamar ni kaɗai ne a layin.

Ya ɗan ƙwanƙwasa tsakiyar wuyan hannuna da yatsa, na ji kamar na taɓa waya mai wuta. Ya nuna mini tudun naman da ke gindin babban yatsa, ya sa na kwatanta da na hagu. Na dama ya lotsa, ban ma lura ba. Ya tambayi aikina na faɗa. Ya ce bayan aiki fa? Asabe ta dube ni ta ce, "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ba ka faɗa ba ni zan faɗa." Ta buɗe jaka ta fito da safar notuna ta ajiye masa a kan tebur. Ashe ta taho da ita. Likita ya ɗaga ta ya auna nauyinta a hannu, ya dube ni, ya rasa ko dariya zai yi ko faɗa.

Ya yi mini bayani da Hausa mai sauƙi. Ya ce a wuyan hannu akwai wata 'yar ƙofa da jijiyoyi ke bi, in an wahalar da su sai su kumbura su matse wadda ke kai ji ga yatsu, kamar fasinja a bas ɗin Kasuwa da yamma. Duka ya kumbura su, nauyi ya ƙara, roba ta shaƙe, ɗori ya ƙarasa. Sannan ya faɗi maganar da ta zauna mini: "Zafi ba abokin gaba ba ne, ɗan aike ne. Kai kuma ka kama ɗan aike ka ɗaure masa baki." Ya ce zai gwada allura da hutu na mako shida, in bai yi ba sai aiki, kuma ko an yi aikin ba zai yi mini alkawarin ƙullin zare ba, don na makara. Na fito daga ofishin ban ga hanya sosai ba.

Aka sa mini wani abu na roba da ƙarfe mai riƙe wuyan hannu a miƙe, yarana suka raɗa masa takalmin hannu. A nan jinya ta fara, kuma a nan na san wace ce Asabe. Namiji bai san yawan abin da yake yi da dama ba sai ta tsaya. Tuwo ya gagare ni, ga kunyar ci da hagu, sai ta riƙa yanka mini loma tana jerawa a gefen kwano in ɗauka da cokali. Ita ke sa mini maɓallin riga, ita ke zuba mini ruwan alwala. In baƙi sun zo dubiya in miƙa musu dantse a maimakon tafi. Ga ta da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wadda ita ta riƙe gidan da albashi ya koma rabi. Ni kuwa maimakon godiya sai faɗa, miya ta yi gishiri, yara sun cika surutu. Wata rana ta ajiye kwano ta ce, "Hannu ne ke ciwo ko baki?" Na yi dariya ban shirya ba, karo na farko cikin wata guda.

Mako biyu na farko ban ga canji ba. Na uku kiyashin ya ragu da rana. Aka tura ni sashen gashin ƙashi, sau biyu a mako, wani sabon layin ke nan. Wata ma'aikaciya 'yar Barnawa ta koya mini miƙe yatsu da lanƙwasa su a hankali, ta ce in na ji zafi in tsaya, ba jarumta ake nema ba. Kowace safiya Asabe kan ciro zare daga kayan ɗinkinta ta tsinka ta miƙo mini. In rufe ido in gwada ko zan ji shi. Kwana da kwanaki ba na jin komai. Sai ta mayar da zaren cikin gwangwani ta ce gobe ma rana ce.

Ranar Lahadi bayan an taso coci Baba Bitrus ya zo dubiya, da ledar lemo da katakon dara a hammata. Asabe ta tare shi a ƙofa ta ce, "Baba, lemo ya shigo, katako ya tsaya a waje." Ya yi dariya ya ce magani ya kawo, ta zauna ta gani, in ba ta yarda ba ta ƙona shi. Ya shimfiɗa katakon, ya ce in sa hannun hagu a kan nasa na dama yayin da yake wasa. Na sa. Hannun sakwaf yake kamar na mai barci. Ba ya ɗaga ɗan dara, tura shi yake da kan yatsa, gwiwar hannu na zaune, wuyan hannu bai lanƙwashe ba.

Ya ce, "Kai kana jira sai na yi wasa kafin ka fara tunani, shi ya sa hannunka ke gudu don ya biya bashin kanka. Ni lokacin da kake ɗaga hannu sama kana dukan katako, na riga na gama nawa tunani. Hannu ɗan saƙo ne kawai, ɗana. Speed ɗin yana ido."

Ya ce haka ƙullin zare yake. Sabon masaƙi na damƙe zare kamar zai gudu, tsoho kuwa taɓa shi kawai yake. Shi duk bayan ɗan lokaci yakan saki hannuwa ƙasa ya buɗe yatsu ya ja numfashi, mu muna ɗauka tsufa ne. Gyaɗar ma da yake ci, don hannun dama ya huta ne tsakanin wasa da wasa. Shekara uku ina zaune gabansa, ina kallon katako, ban taɓa kallon mutumin ba. Asabe ta bar katakon ya kwana a gidan, bisa sharaɗin da hagu zan taɓa shi, kuma in ta ji ƙara ko ɗaya ya zama itacen girki.

A mako na biyar, wata safiya, na rufe ido ta sa mini zare, na ji wani abu siriri kamar gashi a kan manuni. Na ce, "Ga shi nan." Asabe ta juya baya tana gyara murhu da ba abin da ya same shi. Ni ma hawaye na yi, ba zan ɓoye ba. Bayan kwana huɗu na yi ƙulli na farko, ya ɗauke ni kusan minti guda, amma bai warware ba. Likita ya duba ya ce mun tsallake wuƙa, ya ƙara mini mako biyu, ya ce in na sake ɗaura notuna kada in dawo wurinsa.

Ranar da na koma aiki heluma bai ce mini sannu ba. Ya kai ni gaban inji, ya sa yatsa ya tsinka zare biyar, ya tsaya yana kallon agogo. Hannun ya so ya ƙanƙame kamar da. Na tuna hannun Baba Bitrus a ƙarƙashin nawa, na saki hannuna, na fara nemo bakin zare na gaba da ido tun ina ƙulla na farko. Na gama biyar ɗin. Ba Walƙiya ba ne, amma ba wanda ya warware. Heluma ya gyaɗa kai ya wuce.

Bayan mako biyu aka liƙa sunayen waɗanda aka sallama a allon sanarwa. Na bi da yatsa daga sama har ƙasa, babu nawa. Na sake bi don in tabbatar, sai na ga na Baba Bitrus. An ce mitarsa ta faɗi a watannin baya, kuma ni na san makonni biyar ɗin da ta faɗi, na san inda yake tsaye a lokacin. Na je wurin heluma na faɗa masa gaskiya duka, ya ce takarda ta riga ta wuce sama. Na sami Baba Bitrus na kasa haɗa ido da shi. Ya ce in bar wannan zance, tsofaffi aka ɗiba, ko da mita ko ba mita da shi za a fara, kuma kamfanin ma duka kwana nawa ya rage masa. Wataƙila gaskiyarsa ce, don bayan 'yan shekaru mu ma aka rufe get da mu a waje. Amma har yau ban sani ba, kuma rashin sanin ya fi ciwon hannun daɗewa a jikina.

Ranar aikinsa ta ƙarshe ya ce in zo mu buga. Na ce ba na so. Ya ce ba tambayata yake ba. Mutane suka kewaye bencin fiye da kullum. Na ɗora gwiwar hannu a cinya, na tura ɗa, ya tura, na tura. Ba a taɓa darar jiniya shiru irin ta ranar ba, har ana jin faɗuwar ɓawon gyaɗa. Can na hango mai gadi ya nufi wurin jiniya, wasa kuma na hannuna, na riga na san abin da zan yi tun kafin Baba Bitrus ya ɗauke yatsa. Na yi niyyar in tsaya ta kama ni, in bar masa sunansa ya tafi da shi. Ya ɗago ya harare ni, harara irin ta uba. Sai na tura. Ɗan ya isa gidansa, jiniya ta busa.

Wurin ya kaure da ihu, an ci Baba Bitrus. Abin da na lalata hannuna dominsa ke nan, ga shi ya zo, ban ji daɗin komai ba. Bai miƙe ya karkaɗe riga kamar yadda ya saba ba. Ya kamo hannuna na dama, ya juya shi, ya danna tsakiyar wuyan hannun da babban yatsa, daidai inda likita ya ƙwanƙwasa.

"Da zafi?"

Na ce, "Babu, Baba."

Ya ce, "To ni na ci."

Daga baya, da zaman gari ya canza kowa ya koma inda hankalinsa ya fi kwanciya, ya tashi daga Makera zuwa Romi, daga nan ya koma Gonin Gora yana sayar da doya a bakin titin Abuja. Nakan hau mota in je duk ƙarshen wata, mu kafa katako a bayan tulin doya, ba jiniya, wasa ɗaya ya kai mu la'asar. Ban sake cin sa ba. Shekara shida ke nan da rasuwarsa, katakon na wurina, 'ya'yansa suka kawo mini.

Ku masu wasan sauri, ko a katako ko a waya, in kun ji kiyashi a yatsu ku tsaya a ranar, kada ku ɗaure, kada ku ƙara nauyi, kada ku bari a murɗa muku, ku je a duba tun hannun na jin zare. Ni na samu Asabe, na kuma samu wanda ya tsallako layi ya ƙulla mini, ba kowa ke samu ba. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, na gida da na asibiti, ya saka wa masu jinya da abin da mu ba za mu iya biya ba. Yanzu ɗinki nake a Tudun Wada, da yatsun nan uku nake zura zare a allura, kuma duk bayan ɗan lokaci nakan saki hannuwa ƙasa in buɗe yatsu. Masu kawo ɗinki suna ɗauka tsufa ne.